Kunyar Suruki a Tsaunukan Sina

Daga Hayyin Ashir zuwa ramin Suwais

Ladanin masallacin bayan gidanmu a Hayyin Ashir, unguwarmu a Alƙahira, bai yi kiran farko ba na tashi, kuma da ɓacin rai na tashi, don tun ranar da aka ƙulla tafiyar nan ban so ta ba. Ku da kuke gida kuna ta damuna a waya da tambayar yaya yawon hutu, to ga labarin. Amma kada wanda ya sa ran jin yabon duwatsu daga bakina.

Mu huɗu ne. Akwai Malam Bashir, Bakatsine, babbanmu a shekaru da karatu, yana rubuta digirinsa na uku a fiƙihu. Akwai Mahamadu ɗan Maraɗi, wanda ƙafarsa ta fi sanin kasuwar Ataba a kan aji. Shi ya ga hoton wani wuri mai itatuwa a tsakiyar tsaunukan Sina, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana cewa daji ne irin na Turai, mu je mu kwana biyu a tanti mu hau dutse. Sai ni, sai Nura ɗan Gombe, abokin zamana, wanda muke ɗaki ɗaya tun zuwanmu Masar.

Nura yana da sikila. A duk Alƙahira ni kaɗai na sani, ni ɗin ma don na taɓa ɗaukarsa ranga-ranga zuwa asibiti ne. A gabana likita ya ce masa ya guji sanyi, ya guji ƙishirwa, ya guji wahalar hawa wuri mai tudu. Tafiyar Mahamadu kuwa ta haɗa su duka, ga shi hutun tsakiyar shekara ne, lokacin da sanyin ƙasar nan yake kan ganiyarsa. Abin da ya sa ya nace sai ya je shi ne yana neman auren Rukayya, ƙanwar Malam Bashir, kuma Malam da bakinsa ya ce ya biyo mu su san juna. Ita Rukayya tana can Katsina, ta san da ciwon. Yayanta ne bai sani ba, Nura kuma ya tabbatar wa kansa cewa ranar da ya ji, maganar aure ta mutu. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa ba, ya ce shi zai sanar da kansa idan lokaci ya yi.

Ƙarfe biyar saura muka shiga ƙaramar bas ɗin da Mahamadu ya ɗauko mana shata, direbanta wani Usta Ragab mai ƙaton gashin baki da sigari a bayan kunne. Kafin motar ta tashi Malam ya tuna mana cewa matafiya su kan naɗa shugaba a tsakaninsu. Duk muka juya muka kalle shi, ya zama amir ba tare da an yi zaɓe ba.

Tun daga nan abin ya fara. Malam ya nuna wa Nura kujerar kusa da shi, Nura ya sunkuyar da kai ya wuce can baya, inda gilashin taga ba ya rufuwa. Da gari ya waye Malam ya raba mana burodi da ɗa'amiyya, ƙosan Masarawa ke nan na waken ful. Nura ya ce a ƙoshe yake. Na miƙa masa gorar ruwa, ya tsunkule ni a cinya. Kun san halinmu, mutum ba ya ci ba ya sha a gaban surukinsa, gidan su Nura kuma Fulani ne, abin nan sun riƙe shi kamar farilla. Ni ban taɓa ganin laifin wannan al'ada ba sai ranar.

Wajen ƙarfe bakwai muka isa babban shingen bincike da yake kafin ramin da ake bi ta ƙarƙashin mashigin Suwais. Aka sauke mu da kayanmu kaf, aka karɓi fasfo da takardun zama. Wani kare ya liƙe wa jakar Malam saboda kilishi. Wani jami'i ya ɗaga kilishin sama yana juyawa.

"Wannan fatar takalmi ce, ya shaikh?"

Malam ya ce nama ne, ya ɗanɗana. Ya gutsura, yaji ya kama shi, ya yi ta tari abokansa suna dariya, suka ce mu wuce, khalas. A cikin wannan hayaniyar ce na ja Nura bayan mota na kafa masa gora a baki. Kurɓa uku ya yi ya ture, wai kada Malam ya waiwayo.

Bakin teku zuwa garin Katrin

Bayan an fito daga ramin hanya ta miƙe kudu, teku a dama, rairayi da duwatsu a hagu. Muka wuce Ras Sudr da Abu Zinima. Shingaye ba su ƙirguwa, kowanne sai an leƙo an tambayi Usta Ragab 'yan wace ƙasa ya ɗauko. A mararrabar da ake barin teku a shiga cikin tsaunuka aka tsayar da mu fiye da awa guda, wai baƙi ba sa wucewa sai da motar rakiya. Nan muka yi azahar da la'asar ƙasaru, muka haɗa su.

Na samu Nura shi kaɗai yana ninke darduma, na ce masa tun muna ƙasa mu ƙirƙiro wani uzuri, ni da shi mu tsaya a gari su su hau. Ya ce in na sake tayar da maganar zai ɗauka ba na son auren ne. Na bar shi a nan cikin fushi na koma mota.

Daga Wadi Firan mota ta fara hawa, kunnuwanmu suna toshewa. Itatuwan dabino suka ƙare, sai jajayen duwatsu tsirara ta ko'ina. Rana tana sama amma iskar da take shigowa ta tagar Nura kamar daga firji take fitowa. Tsakanin Alƙahira da garin Katrin ya haura kilomita ɗari huɗu, kuma sai wajen uku da rabi muka sauka.

Hawan dutse da gonar Ammu Salim

Ba a barin baƙo ya shiga tsaunukan nan sai da ɗan jagora daga Larabawan wurin. Namu wani dattijo ne siriri, Ammu Salim, kuma a gonarsa za mu sauka. Raƙumi ɗaya ya tanada, aka ɗora masa tanti da abinci ya zaga ta doguwar hanya, sauran kaya kowa ya goya nasa. Malam Bashir, Allah ya ƙara masa ilmi, mujalladi biyu na littafin fiƙihu ya cusa a jakarsa, wai zai yi nazari a inda babu hayaniya. Kafin ya sunkuya Nura ya riga ya fizge jakar ya rataya a gaba, tasa a baya. Malam ya ce ya bari, Nura ya yi kamar bai ji ba. Na ce ya ba ni ɗaya, ya harare ni.

Hanyar matattakalar duwatsu ce mai lanƙwasa, kana hawa kana ganin rufin gidajen gari suna ƙanƙancewa a ƙarƙashinka. Ni lafiyayye ma numfashina sama-sama yake fita. Nura yana gaba da kaya biyu, duk inda aka tsaya hutawa sai ya juya baya yana kallon nesa don kada a ga yadda ƙirjinsa yake bugawa. Malam kuwa sai yabonsa yake, yana cewa yaron nan akwai juriya.

Gab da magariba muka isa dajin Mahamadu. Wata gona ce a cikin kwari, an kewaye ta da katangar duwatsu. Akwai zaitun da rumman da ɓaure, da itatuwan lauz da suka kaɗe ganye tas, da waɗansu dogayen itatuwa masu duhun kore a jere. Akwai rijiya da kwatami, da wata rumfar duwatsu mai bango uku. Babu wutar lantarki, babu sabis, bayan gida kuwa sai ka zaɓi dutsen da ya yi maka. Ba zan yi ƙarya ba, wurin yana da kyau, shirunsa har ƙara yake a kunne. Amma ni ba abin da nake kallo ke nan ba.

Da aka kwance tantin da Mahamadu ya sayo a Ataba, sai ga shi rabinsa raga ce. Na 'yan shan iska ne a bakin teku. Ammu Salim ya zagaya shi sau ɗaya, ya ce ma'alish, wato mu yi haƙuri, ya nuna mana rumfar, ya fito da barguna masu warin hayaƙi ya ba kowa nasa. Mahamadu yana ta rantsuwa cewa a kwalin akwai hoton dutse. Da ba don idon Malam ba da na faɗa masa abin da ba zai manta ba.

Dattijon ya hura wuta, ya kwaɓa gari ya binne shi a toka ya fito da gurasa mai kauri, ya dafa miyar adas, wani ƙaramin wake nasu, ya ɗora shayi da wani ganyen dutse mai ƙamshi. Abinci mai sauƙi, amma a wannan sanyin ya fi naman rago. Na zuba wa Nura nasa da niyyar in kai masa bayan katanga ya ci a ɓoye. Sai Malam ya kira shi ya zaunar da shi a gefensa, yana masa tambayoyi a kan karatu da iyaye da abin da yake son yi in ya koma gida. Abin haushin shi ne Malam ya ji yaron ya kwanta masa a rai, shi ya sa ya ƙi sakinsa, kuma muddin yana kusa Nura ba zai kai komai baki ba. Shayinsa ya huce a gabansa. Malam ya dube ni ya ce samari irin wannan masu ƙana'a sun yi ƙaranci. Na tashi na bar wurin don kada bakina ya kufce.

Safiyar da na fasa ƙwai

Da na farka da asuba, bargo biyu na gani a jikin Malam. Nura yana dunƙule a lungu da rigar sanyinsa kaɗai. Ashe ya ji Malam yana tari ne ya lulluɓa masa nasa. Ruwan kwatami ya yi ƙanƙara a sama. Ammu Salim ya ɗumama ruwa a gwangwani ya miƙa wa Nura don shi ne a kusa, Nura ya juye shi a buta ya kai wa Malam, shi kuma ya fasa ƙanƙarar nan da dutse ya yi alwala. Na ce masa a hankali shari'a ta ba shi taimama, shi ma ya sani, darasin shekarar farko ne. Ya ce ba zai shafa ƙasa ba alhali Malam yana taɓa ruwa.

Bayan rana ta fito amir ya ba da umarni a kama hanyar ƙololuwa. Na dubi Nura a cikin haske. Idonsa ya yi ruwan ɗorawa, leɓɓansa sun bushe sun tsage, yana dafe ƙugunsa yana saki. Na san alamun nan sarai. Na matsa kusa da shi, kalma ɗaya ya ce min, amana.

Ba mu yi tafiyar rabin awa ba ya zauna a kan dutse, wai zai gyara takalmi. Da ya zo tashi ƙafa ta ƙi. Ya cusa hannun rigarsa a baki yana cizo don kada ya yi nishi a gaban suruki, gumi yana tsattsafo masa a cikin wannan sanyi. Malam ya ɗauka jijiya ce ta riƙe, ya ce a huta kaɗan a ci gaba, tafiya ita za ta sake ta. A nan haƙurina ya ƙare.

"Malam, ba inda za mu hau. Nura sikila gare shi. Tun jiya da asuba bai sha ruwan da ya cika kofi ba saboda kunyarka. Bai ci ba, jakarka ya ɗauka, bargonsa a jikinka ya kwana. In ba mu sauke shi yanzu ba gawarsa za mu sauke."

Nura ya cire rigar daga bakinsa da ƙyar ya ce, "Habibu, ka ci amanata."

"Na ci. Ka rayu tukuna, sai ka kai ni ƙara."

Malam ya matso kusa da Nura. Ya cire rigar sanyinsa da rawanin da ya naɗe wuya da shi ya rufa masa, ya buɗe gora ya miƙa. Nura ya karɓa da hannu biyu, ya riƙe, ya kasa kaiwa baki. Malam ya ce a matsayinsa na amir ya umarce shi ya sha. Har yanzu gorar tana hannunsa, bai sha ba. Sai Malam ya gane, ya miƙe ya zagaya bayan wani dutse ya ba mu baya. Sannan fa Nura ya kafa kai ya shanye ta tas. Wallahi a lokacin da za a ba ni dama, marinsa zan fara yi kafin in ɗauke shi. Mutum yana bakin kabari, amma sai an juya masa baya zai sha ruwa.

Saukowa

Raƙumin tun jiya ya koma gari, waya kuma ba ta kamawa sai a bakin matattakala. Ammu Salim ya naɗe jallabiyarsa ya yi gaba da sauri don ya kira mota ta jira mu a gindin dutse. Mu kuma babu abin da ya rage sai goyo. Na durƙusa zan ɗauke shi, Malam ya ture ni ya ce shi zai fara. Nura yana cewa a'a, Malam ya ce ya yi shiru, ba shawara ake nema ba. Haka yaron da ya kasa zama kujera ɗaya da surukinsa a mota ya sauko daga tsaunin Sina a bayansa, fuskarsa a kan wuyansa, yana kuka. Ban sani ba ko na ciwo ne ko na kunya, ban kuma tambaya ba.

Muka riƙa karɓa-karɓa. Mahamadu, wanda nake jin haushinsa tun jiya, shi ya fi mu ƙarfi, kuma shi ya ɗauke shi a wurin da ya fi tsayi da santsi, yana ta ambaton Allah da Hausa da Faransanci a haɗe. Littattafan Malam da tantin bakin teku duk a gona muka bar su. Hanyar da muka hau cikin awa biyu ta ci mana kusan huɗu.

A ƙaramin asibitin garin aka sa masa ƙarin ruwa da iskar numfashi, aka yi masa allurar kashe zafi. Likitan, wani matashi, ya fito yana faɗa, yana tambayar wane mai hankali ne ya kai mai wannan ciwo kan dutse a tsakiyar sanyi. Malam ya ce shi ne shugaban tafiyar. Likitan ya wanke shi tas, Malam yana tsaye hannu a baya. Muka kwana a kan bencin asibiti. Da safe aka ce zafin ya sauka, a gaggauta kai shi ƙasa inda iska take da yawa, ya ga likitansa a Alƙahira.

Komawa gida

Usta Ragab ya zo da hantsi, ya toshe tagar baya da kwali ba tare da kowa ya ce masa ba. Muka kwantar da Nura a kujerar tsakiya. Shingayen da suka wahalar da mu a zuwa, da sun leƙo sun ga mara lafiya sai su ce yalla, ku wuce, Allah ya ba shi lafiya.

A Ras Sudr aka tsaya shan shayi, Malam ya ja ni gefe. Ya ce ciwo ba laifin kowa ba ne, gwajin jinin Rukayya shi zai raba gardama. Amma ɓoyewar da aka yi masa ba zai ɓoye wa mahaifinsu ita ba, kuma bai san yadda tsohon zai ɗauke ta ba. Ya ce da na faɗa masa tun farko. Na ce shi ma da ya duba kofin yaron sau ɗaya maimakon yabon ƙana'a. Ya kalle ni, ya ce gaskiya ne. Da ya saya wa Nura lemo, a kan kujera ya ajiye masa ya fita ya tsaya a bayan mota har ya shanye.

Bayan isha muka shigo Hayyin Ashir, hayaniyar masu tuktuk, keke-napep ɗinsu, da ƙamshin turaren Sudaniyawa suka tare mu. Ban taɓa murnar ganin cunkoson unguwar nan ba kamar ranar.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu mu huɗu kamar yadda muka fita. Na gode wa Ammu Salim, wanda ya aiko mana da littattafan Malam ta hannun wani direba, har da ɗan ƙunshin ganyen shayin nan. Na gode wa likitan da ya yi faɗan da ni ma nake son yi, da Usta Ragab da kwalinsa. Mahamadu na yafe masa tanti saboda goyo. Malam Bashir ya yi waya Katsina, har yanzu ana jiran amsar tsoho da sakamakon gwaji.

Nura kuwa ya warware, ya koma aji, amma ya kwashe katifarsa ya koma falo, kuma tun daga kan dutsen nan bai sake ce min ko sannu ba. Bai yafe ba, ni ma ban nemi yafiya ba, ba kuma zan nema ba. Kullum kafin in fita nakan cika gorar nan in ajiye masa a gefen katifa. Idan na dawo sai in tarar da ita a bakin ƙofar ɗakina, babu ko ɗigo a ciki.